Makoɗi da Tsakiya: Waiwaye a Kan Gyaran Dutse a Ƙasar Daura

Abin da ya jawo wannan rubutu wata tsaraba ce. Wani tsohon ɗalibina da ya yi karatu a ƙasar Jamus ya zo gaishe ni bayan dawowarsa, ya miƙo mini wani dutse mulmulalle wanda girmansa bai wuce na lemon zaƙi ba, sumul da shi, har mutum yana iya hango fuskarsa a jiki. Ya gaya mini cewa wani dattijo maƙwabcinsa ne ya yi shi, kuma ba sana'arsa ba ce, abin ɗebe kewa ne da ya kama bayan ya yi ritaya. Da zai tashi sai ya ce, "Malam, ka ga irin abin da mu ba mu da shi ke nan." Ban ba shi amsa ba a ranar. Bayan tafiyarsa na shiga ɗaki na lalubo makoɗin kakata, Allah Ya jiƙanta, na jera su a kan tabarma. Na Jamus ya fi sheƙi nesa ba kusa ba, amma a wajen mulmuluwa kaɗan ne ya rage su zo ɗaya.

Manufata a nan ita ce in duba maganar wannan yaro a kan ma'aunin tarihi. Akwai inda ya yi kuskure, akwai kuma inda ya faɗi gaskiya, kuma ya kamata malamin makaranta ya san iyakar kowanne kafin ya tsaya gaban yara.

Makoɗi

Yaran da aka haifa bayan zuwan injin niƙa ba su san wannan kalma ba, don haka bari in fara da bayani. Dutsen niƙa iri biyu ne a haɗe: akwai uwar da ake girkewa a ƙasa, akwai kuma ɗan dutse da mace take riƙewa da hannu biyu tana turawa. Idan aka daɗe ana niƙa gero ko dawa, fuskar uwar takan yi santsi, ta daina cin hatsi, sai ƙwayar ta riƙa zamewa. A nan ne ake koɗa dutse, wato a ɗauki wani dutse mai tauri wanda ya cika tafin hannu a riƙa ƙwanƙwasa fuskar uwar a hankali, tun daga wannan baki har wancan, har ta sake yin kaushi. Wannan dutse na uku shi ne makoɗi. A ƙauyenmu da ke gabas da Daura, a da, da hantsi ba ka rasa jin ƙararsa daga wani gida, kuma duk wanda ya ci tuwon da aka yi da garin farko bayan koɗa ya san dalilin da ya sa mace mai kula take fara niƙa dusa ta zubar wa kaji kafin ta sa hatsi.

Abin lura shi ne, babu wanda yake zama ya sassaƙa makoɗi. Ana tsinto shi ne da kusurwoyi da tudu da kwari, yawanci farin dutsen nan mai ƙyalli da muke kira ƙanƙara. Mai koɗa tana neman gefen da ya fi tsini ta buga da shi, domin shi ne yake huda fuskar uwar. Idan tsinin ya mutu sai ta juya ta nemi wani. Da haka, a cikin shekaru, duk wani wuri da ya ɗara sauran tsawo yakan sha bugu har ya daidaita da su, kuma siffar da ba ta da wurin da ya ɗara wani ita ce ƙwallo. Ke nan hannun kakata ya bi ƙa'idar lissafi ba tare da ta taɓa jin sunanta ba.

Masana tarihin ƙarƙashin ƙasa sun daɗe suna tono irin waɗannan ƙwallaye na dutse. Mary Leakey ta same su da yawa a kwazazzabon Olduvai na ƙasar Tanzaniya, a cikin ƙasar da aka ƙiyasta shekarunta fiye da miliyan ɗaya, kuma an yi ta gardama a kan amfaninsu, har wasu suka ce makamin jifan namun daji ne. A shekarar 1994 wasu masana biyu na Amurka, Kathy Schick da Nicholas Toth, suka buga sakamakon gwajin da suka yi: sun ɗauki gutsuren ƙanƙara suka yi ta bugun wani dutse da shi, cikin 'yan sa'o'i sai ga shi ya mulmule. Da na karanta wannan sai da na yi murmushi, domin da sun tambayi kowace tsohuwa a Sandamu ko Ɓaure da ta gaya musu haka tun kafin su fara.

Shi kuwa dattijon Jamus, hanyarsa ita ce wannan ɗin, sai dai inji ya gaggauta ta. Masu wannan sha'awa a Turai da Amurka sukan fara yanka dutse da zarto mai haƙoran daimon ya zama kamar ƙwayar sukarin kwali, sannan su yi ta datse kusurwoyin har ya kusa zama ƙwallo. Daga nan sai a sa shi tsakanin wasu kofuna biyu ko uku na ƙarfe masu juyawa, ana ɗiga ruwa da wani gari mai kaushi da ake kira silikon kabaid, wanda Edward Acheson ya fara haɗawa a Amurka a 1891. Ana farawa da gari mai tsakuwa-tsakuwa, ana saukowa zuwa mai laushi, a ƙarshe a goge da garin goge gilashi. Duk sirrin aikin ɗaya ne: mai tauri ke cin mai taushi. A ma'aunin taurin ma'adinai da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daimon yana kan lamba 10, ƙanƙara tana kan 7, wuƙar ƙarfe ta yau da kullum kuwa ba ta kai 6 ba. Wannan shi ya sa ƙanƙara take tsaga gilashi, kuma shi ya sa maƙeri, duk gwanintarsa, bai taɓa ƙera wa mata abin da ya kori makoɗi ba.

Mutanen da suka fi kowa nisa a wannan fanni ba su ma da ƙarfe. A kudancin ƙasar Kosta Rika, a Amurka ta Tsakiya, lokacin da wani kamfanin ayaba yake sare daji a shekarun 1930, an ci karo da ƙwallayen dutse waɗanda yawansu ya haura 300, mafi girmansu faɗinsa ya wuce mita 2. Da ƙwanƙwasa da dutse da gogewa da yashi aka yi su, ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa, kuma Hukumar UNESCO ta sa wuraren cikin jerin kayan tarihin duniya a 2014. Bambancinsu da mu shi ne su sun nufi ƙwallon ne, mu kuwa tuwo muka nufa, ƙwallon ya zo a kan hanya.

Makoɗi ba shi kaɗai ba ne a gidan Bahaushe. Akwai magurji na gurzar auduga, da ɗan ƙaramin dutsen niƙa kwalli, da dutsen washi, da tsakuwar da mai ginin tukwane take goge jikin tulu da ita, da dutsen taimama wanda hannun tsofaffi ya shafe har ya yi sheƙi a kusurwar masallaci. Akwai kuma gatarin aradu, wanda manomi yakan tono a gona ya kai wa mai magani, a kan imanin cewa tsawa ce ta jefo shi. Gatari ne na gaske, mutanen da suka riga mu zama a wannan ƙasa ne suka wasa shi a kan falalen dutse da ruwa da yashi tun kafin a san narka tama. Irinsa da yawa aka samu a haƙar kuza ta yankin Nok, tare da duwatsun ado na ƙanƙara. Duk wanda ya riƙe ɗaya ya shafa bakinsa zai san cewa goge dutse ba baƙon abu ba ne a Arewa.

Amma duk da haka, ka duba sarakunan sana'a da muka sani a fada: Sarkin Maƙera, Sarkin Pawa, Sarkin Aska, Sarkin Magina. Babu na masu gyaran dutse a cikinsu. Labarin Bayajida ma ya tuna da maƙeran Gaya da suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar Kusugu da ita, amma bai ambaci dutsen da aka wasa ta a kai ba. A ganina dalili biyu ne. Na farko, ƙasar Daura jigawa ce galibinta, dutsen kirki sai an nufi wajen Kazaure da Roni ko an haura Damagaram. Na biyu, kuma shi ya fi ƙarfi, aikin na mata ne a cikin gida, kuma abin da mace ta yi a tsakar gida ba ya shiga kundin fada.

Tsakiya

Idan muka koma kan dutsen ado kuwa, a nan ne maganar ɗalibina take da ƙamshin gaskiya. Harshenmu da kansa ya riƙe shaida. Har gobe abin wuyan mace, ko na gilashi ne ko na roba, dutsen wuya muke ce masa, alamar cewa asalinsa dutse ne. A cikin duwatsun wuya na da, bayan murjani, babu kamar tsakiya, jan dutsen nan mai ɗaukar haske wanda Larabawa suke kira aƙiƙ. Dangin ƙanƙara ne, taurinsu kusan ɗaya, kuma tsatsar ƙarfe da ke cikinsa ce take ba shi ja. Darajarsa ta ƙaru a wajen Musulmi saboda zoben azurfa mai ido na aƙiƙ, wanda alhazai suka daɗe suna kawowa tsaraba daga Makka.

Tun yaushe tsakiya take a wannan yanki? Amsar tana Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani, tsakanin Katsina da Daura. Wurin yana cikin masarautar Katsina ne, amma tafiyar yini ce a ƙafa daga iyakarmu, kuma fataken da suka kai kaya can ba su tsallake mu ba. H. R. Palmer ya fara tona kushewun a 1907, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A 1992 aka sake tona guda uku a ƙarƙashin jagorancin Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth, daga baya aka kai kayan wani gidan tarihi a birnin Mainz na Jamus aka tsabtace su, Detlef Gronenborn ya fitar da littafi a kansu a 2011, sannan aka dawo da su Nijeriya a 2014. A cikin abin da aka samu akwai 'yan kunne na zinariya, da tasoshin tagulla, da wuri, da mundaye na hauren giwa, da duwatsun wuya na gilashi da na tsakiya, kuma an ƙiyasta kushewun tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a cikin jerin kayan da aka tono a wurin har da duwatsun niƙa. Ashe tun wancan zamani dutsen gida da dutsen fatauci a wuri ɗaya suke kwana.

A kudu ma haka abin yake. A Igbo-Ukwu, inda Thurstan Shaw ya yi tono a 1959 da 1960, an ƙirga duwatsun wuya fiye da 165,000 na gilashi da na tsakiya, waɗanda suka kai shekara dubu a binne.

To, wa yake gyara su? Akwai jan dutse a cikin Sahara, kuma mutanen can sun huda shi tun zamanin da. Amma babbar cibiyar duniya ita ce garin Kambat a jihar Gujarat ta Indiya. A can ake shanya ɗanyen dutse a rana, a gasa shi a cikin tukwanen ƙasa don ja ya fito, a fasa shi da gudumar ƙahon ɓauna a kan turken ƙarfe, a goge, a huda da tsinke mai kan daimon wanda ake juyawa da baka, kamar dai bakan shiɓar auduga. A da, don a fito da sheƙi, sai a zuba duwatsun a salkar fata da ruwa da garin dutse a yi ta mirginawa kwana da kwanaki. Daga Kambat kaya sukan bi jiragen ruwa zuwa Yaman da Jidda da Masar, daga nan raƙuma da alhazai su ƙaraso da su. Aikin yana da tsada a jikin mai yinsa, domin ƙurar dutsen tana cika huhu, kuma ta hallaka masu gogewa da yawa a wannan gari.

A ƙarni na 19 sai Jamusawa suka shigo kasuwar. Garin Idar-Oberstein ya daɗe da masu goge dutse, waɗanda suke kwanciya rubda ciki suna danna dutse a jikin manyan duwatsun washi da ruwan rafi yake juyawa. Da nasu dutsen ya ƙare, sai 'yan'uwansu da suka yi ƙaura zuwa kudancin Burazil suka fara aiko musu da wani a shekarun 1830. Suka koyi rina shi, ja da baƙi da kore, suka kwaikwayi siffofin da mutanen Afirka suke so, har da ɗan dutsen nan mai kusurwa uku da zobe a kai wanda Buzaye suke kira talhakimt. Bayansu masu gilashi na Bohemiya suka kwaikwayi na Jamus da araha, daga ƙarshe roba ta kwaikwayi kowa. Clapperton ya ga duwatsun wuya na gilashi da murjani a kasuwar Kano a 1824, Barth ma ya lissafa su cikin hajar da ake shigowa da ita a 1851. Hanyar da ta taso daga Tarabulus ta biyo Gat da Azbin da Damagaram zuwa Kano ta ratsa ƙasar Daura, kuma ita ce ta ci gaba da aiki har jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya juya fuskar ciniki zuwa Ikko.

Wurin da ya fi kusa da mu inda aka mayar da gyaran dutsen ado sana'a sosai shi ne Ilori, kuma labarinsa ya shafe mu kai tsaye. Jan dutsen da suke aiki da shi sunansa lantana, kalmar da har yau muke raɗa wa 'ya'ya mata. Fataken Hausawa ne suke ɗauko shi daga bakin Kogin Kwara, kudu da Yamai a Jamhuriyar Nijar ta yanzu, su kai wa masu aikin, waɗanda asalinsu mutanen tsohuwar Oyo ne da suka koma Ilori bayan rushewarta a shekarun 1830. Mai hudawa yakan matse dutsen da yatsun ƙafa, ya ɗora tsinken ƙarfe yana murzawa yana ƙwanƙwasawa da 'yar guduma, yana canza tsinke daga mai kauri zuwa siriri. Sannan a goge a kan falalen dutse da ruwa, a ƙarasa a kan allo. Sarakunan Yarabawa da na Bini su ne manyan masu saye. Ann O'Hear, wadda ta yi bincike a kan wannan sana'a a shekarun 1980, ta nuna yadda ta durƙushe a zamanin Turawa, kusan shekarun 1930, da kayan kwaikwayo masu araha suka cika kasuwa.

Mai karatu ya lura da matsayin Bahaushe a wannan labari. Shi ya san inda dutsen yake, shi ya ɗauko, shi ya raɗa masa suna, shi ya sayar, amma wani ne ya huda ya goge. Ba na faɗin wannan don raina fatauci, domin shi ya gina biranenmu. Sai dai halin bai canza ba. Yaƙutun da ake haƙowa a tsaunin Mambila da kudancin Kaduna, da sauran duwatsu masu daraja na Nasarawa da Filato, mafi yawansu ɗanye suke fita, a yanka su a Bankok ko Jaipur ko Idar-Oberstein ɗin nan, kuma a can ribar take zama.

Abin da ya salwanta a hannuna

Kakata ta rasu a shekarun 1970, ta bar tsakiya zare ɗaya, dogaye guda goma sha ɗaya, wadda ta ce ta gada daga tata kakar. A lokacin 'yan koli suna bin ƙauyuka suna sayen tsofaffin duwatsun wuya, domin kasuwarsu ta buɗe a Amurka da Turai. Wani ya zo ya taya. Da yake ni ne mai ilimin boko a gidan, ni aka tambaya, na kuwa ce a sayar, tsohon yayi ne, babu yarinyar da za ta sa. Rabon da ya zo hannuna na cika na sayi rediyo, wadda ba ta yi shekara biyar ba. Yau da zaren nan yana nan, mai ilimin abin zai duba ramin hudar ya gane ko tsinken daimon na Indiya ne, ko bugun Ilori, ko injin Jamus, daga nan a san hanyar da ta kawo shi ƙauyenmu da kuma kusan zamanin. Uwar dutsen niƙan kuwa, da injin niƙa ya zo, a harsashin katanga muka sa ta. Makoɗin ya tsira ne kawai don an mayar da shi abin tokare ƙofa.

Na san ba gidanmu kaɗai ba ne. Duk wanda ya zaga kufai irin na Tsohon Birni bayan ruwan farko zai ga gutsattsarin tukwane da ɓarin duwatsun niƙa a fili, yara suna jifa da su. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wato Doka ta 77 ta 1979, ta hana sayar da kayan tarihi ko fitar da su waje ba da izini ba, amma doka ba ta zuwa gona. Malamin firamare da mai unguwa su ne suke wurin.

Don haka ga roƙona ga malamai 'yan'uwana da iyayenmu dattawa. Idan yaro ya kawo mulmulallen dutse ko gatarin aradu ko ƙwayar tsakiya, kada a wanke shi da omo, kada a goge shi da yashi, kada kuma a koma a tona wurin. A samu takarda a rubuta gonar da aka tsinta, da sunan ƙauye, da kwanan wata, da ko a sama aka gan shi ko garma ce ta tono, a ɗaure tare a leda, a sanar da dagaci, sannan a kai rahoto gidan tarihi na Katsina da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina. Dutsen da ba a san inda ya fito ba, ko a gidan tarihi aka ajiye shi, abin da zai iya gaya wa mai bincike kaɗan ne. Wanda yake na gado kuwa a bar shi a gida, amma a zauna da tsohuwar da ta san shi a rubuta sunayen waɗanda suka riƙe shi kafin ita.

Nawa makoɗin na yi masa haka, ko da yake sunaye biyu kacal na iya samu, na kakata da na uwar mijinta wadda ta ba ta shi ranar da ta fara girki. Ɗalibin nawa ya sake zuwa da Sallar Gani, na miƙa masa duwatsun biyu na ce ya rufe ido ya gaya mini wanne ne na Jamus. Ya gane nan take, saboda santsi. Sannan ya tambaye ni shekara nawa aka yi ana bugu da ɗayan, muka zauna muka lissafa daga auren kakata zuwa zuwan inji, muka samu ya haura hamsin, ban da na uwar mijin.